Suna Linzami: Wa Zai Shiga Gidan Zu Kyauta?

Yau na ajiye labarin soyayya da na saba kawo muku, na zo da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san wasu za su ji haushina a kanta. To gara ku ji haushin, domin ni ma mai faɗar ina cikin masu laifin, kuma kafin in taɓa kowa da kaina zan fara.

Abin da ya tono maganar shi ne zuwan ƙanena hutu daga Turai, inda yake karatu a wata ƙasa da ake kira Jamhuriyar Cek, wadda da can take haɗe da Sulobakiya kafin su rabu a 1993. Muna zaune a tsakar gidan Hajiyarmu bayan sallar isha'i, an shimfiɗa tabarmi, shi kuma yana ta zuba mana labarin abubuwan mamakin can. Cikin hirar ne ya ce a ƙasar akwai gidajen namun daji, wato gidan zu, da kan yi wata garaɓasa. Ranar 1 ga watan Afrilu suna ɗaukarta ranar tsuntsaye, to a wannan rana ko a ƙarshen makon da ya fi kusa da ita, duk wanda sunan gidansu ya kasance sunan tsuntsu, sai kawai ya nuna katin shaidarsa a bakin ƙofa a ce masa bismilla, ya shige ko sisi bai biya ba. Ya ce a Rasha ma akan yi irin haka.

Muka ce haba, a ina za a samu masu sunan tsuntsu har da za a ware musu rana? Ya yi dariya ya ce ai a can sun fi gaban ƙirga. Akwai gidan Vrana, wato hankaka. Akwai Holub, tattabara ke nan. Akwai Cap, shamuwa, da Sokol, shaho, da Kohout, zakara. In aka bar tsuntsaye aka sauko ƙasa kuma, akwai Zajic, zomo, da Jezek, bushiya, da Vlk, kyarkeci. Mace in ta yi aure takan ɗauki sunan gidan mijin a ƙara masa “ova” a ƙarshe, sai ki ji matar Malam Zakara ta zama Kohoutova. Ya ce hatta shahararren marubucin nan na birnin Prag, Franz Kafka, wanda ya rasu a 1924, sunansa na wani tsuntsu ne ɗan uwan hankaka, har mahaifinsa ya mai da hoton tsuntsun tambarin kantinsa. Shi kuwa Dmitri Medvedev da ya shugabanci Rasha daga 2008 zuwa 2012, sunansa ya samo asali ne daga wata ƙatuwar dabbar dajinsu mai gashi, mai son zuma.

Ranar mun sha dariya har da riƙe ciki. Yayata ta ce, “Allah Ya raba mu da wannan abin kunya, mutum da mutuncinsa da gemunsa a ce sunansa Bushiya, kuma wai har ya je yana nuna kati don a yafe masa kuɗin shiga.” Ƙanen nawa ya ce, “Yaya, su fa ko a jikinsu, ranar ma alfahari suke yi.” Ya ƙara da cewa masu gidan zu ɗin ba asara suke yi ba, dabarar kasuwa ce. Mutum ɗaya zai shiga kyauta, amma zai zo da abokai da surukai waɗanda za su biya, a sayi abinci, a sayi tsaraba, jaridu su ɗauki labarin, yara kuma su koyi sunayen tsuntsayen ƙasarsu. Wannan ni ban ga aibunsa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na tambaye shi, to su waɗannan mutane ya aka yi suka samu sunayen tun farko? Ya ce yawanci laƙabi ne da maƙwabta suka liƙa wa wani kakan kakansu. Mutum mai dogayen ƙafafu sai a ce masa shamuwa, mai tinƙaho da faɗa a ce zakara, matsoraci ko mai gudu a ce zomo. Ana nan sai a shekarun 1780 sarkinsu Josef na Biyu ya kafa doka cewa kowane gida ya riƙe suna ɗaya tabbatacce wanda 'ya'ya za su gada. Shi ke nan, abin da aka faɗa da wasa a bakin rijiya ya shiga littafin gwamnati. Wanda ya yi tsokanar ya mutu, wanda aka tsokana ya mutu, an haura shekara 200, amma jikan jikansa yana nan da sunan a katinsa.

Da na koma gida daren nan barci ya ƙi zuwa. Na ce a raina, a ce yau gidan zu na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo kuma yake ɗauke da sunansa, ya yi shelar irin wannan garaɓasa, su wa za su zo? In da kati za a duba, ba za a samu mutane da yawa ba, domin mu Hausawa sunan uba muke sawa a gaban namu, ko sunan gari, kamar yadda Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka yi. Sai dai mutanen Kura ta jihar Kano da na Giwa ta jihar Kaduna da na Zaki ta jihar Bauchi su zo su gwada sa'arsu. Amma a ce mai shela ya ce ba ruwansa da kati, duk yaron da uwarsa ke kiransa da sunan dabba a cikin gida ya zo ya shiga kyauta, wallahi 'yan uwa sai an kira 'yan sanda su tare ƙofa. Layin sai ya cika Titin Gidan Zu ya yi kwana. Ga su jaki, ga su akuya, ga su kare, ga su biri, ga tunkiya, ga alade, duk 'ya'yanmu ne na cikinmu, kuma ba maƙwabta ne suka raɗa musu ba, mu ne da bakinmu.

Muna dariyar Bature don an kira shi Bushiya, alhali shi gado ya yi bai san ranar da aka fara ba. Mu kuwa kullum safiya sabo muke yankawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na ce da kaina zan fara, to ga nawa. Ɗana na biyu tun yana ƙarami Allah Ya yi shi da ƙiriniya. Ba ya zama wuri ɗaya, in bai hau katanga ba ya hau kan firji, in bai fasa kofi ba ya zubar da man gyaɗa. Ni kuwa ga goyo, ga girki, ga rubutu da nake yi da daddare, sai bakina ya saba da ce masa biri. “Kai biri sauko.” “Ina birin nan ya shiga?” Har ya zama ko ba fushi nake ba haka nake kiransa, 'yan uwansa ma suka ɗauka.

Wata ƙaramar salla yana da shekara 6, Abbansu ya kwashe mu zuwa gidan zu. Yara suna ta murna, an ga zaki, an ga kura, an ga jimina da kada. Da muka iso wajen birai, yara suka yi caa suna ihu suna tsokanarsu, amma shi yaron nan da ba ya zama sai na ji ya riƙe mini gefen mayafi ya yi tsit. Can ya ɗago kai ya ce, “Umma, in na ƙara yin rashin ji nan za ki kawo ni?” Na yi dariya na ce me ya sa ka ce haka? Ya ce, “Ai kin ce ni biri ne.”

Wata dattijuwa da ke tsaye kusa da mu da jikokinta ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “'Yar nan, ke kika haife shi?” Na ce, “Ni ce, Inna.” Ta ce, “To ki ji tsoron Allah. Wata tana can shekara goma tana neman ko ɓari ne ba ta samu ba, ke an ba ki mutum kin mai da shi biri.” Ta ja jikokinta ta yi gaba. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, kwalliyar sallar duk ta zame mini kaya. Abbansu bai ce uffan ba har muka koma gida, kuma shirun nasa ya fi mini zafi a kan faɗa.

Daga ranar na kama bakina, amma ashe magana zarar bunu ce. Sunan ya riga ya tsallake zaure. Yaran layinmu da shi suke kiransa, a makarantar allo ma haka, har mai kantin bakin layi in na aike shi sai ya ce Biri me za a ba ka. Sai da na bi gida gida ina roƙon iyaye su hana 'ya'yansu, na yi faɗa da wasu, wata ma ta ce mini a fuska, “To Maman yara, ba a bakinki muka ji ba?” Ban da amsa. Kusan shekara biyu muka yi kafin sunan ya lafa, kuma har yau akwai mai tsokanarsa da shi in sun yi faɗa a wajen ƙwallo.

Wannan nawa ke nan, kuma na yi sa'a an farkar da ni da wuri. Akwai wata da muka yi aji ɗaya a sakandare, yarinya mai natsuwa mai ƙoƙarin lissafi, amma tana da wata 'yar tangaɗi a tafiyarta. Matar ubanta ce ta fara ce mata agwagwa, wata 'yar unguwarsu ta kawo sunan makaranta, shi ke nan ya bi ta. In malami ya ce wa zai fito allo, ko ta san amsa ba ta tashi, don ta san tana miƙewa za a fara kwak kwak daga bayan aji. Ba ta ƙarasa aji biyar ba ta ce aure take so. Kwanaki a wajen wani biki wata tsohuwar ƙawarmu ta ce mini, “Kin tuna Agwagwa?” Na tuna ta sarai, fuskarta da muryarta da komai, amma wallahi sai da na yi minti biyar ina lalube kafin in tuno sunanta na yanka. An yanka mata rago, an tara malamai an yi addu'a, an raba goro, amma kalma ɗaya ta matar uba ta cinye duk wannan.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jinsa. Za a ce ai mu ma haka iyayenmu suka kira mu, ga shi ba mu lalace ba. 'Yar uwa, in tambaye ki mana. Kin manta wanda ya ce miki jaka kina 'yar shekara takwas? Kin manta a inda kike tsaye da abin da ke hannunki ranar? In har kina iya tunawa bayan shekara ashirin, kin yi aure kin haihu, to ai tabon yana nan, kin dai iya rufe shi da zane ne. Iyayenmu Allah Ya saka musu da alheri, sun yi mana abin da ba za mu iya biya ba, amma ba duk abin da suka yi cikin fushi ne gado ba.

Za a ce kuma ai wasa ne, yaro bai san komai ba. Ni ma haka na zata har sai da ɗana ya tambaye ni ko keji zan kai shi. Yaro ba ya raba wasa da gaske in daga bakin uwarsa maganar ta fito. Ke ce kika gaya masa wuta tana ƙuna ya taɓa ya ji haka ne, kika gaya masa wannan ne babansa ya yarda. To don me ranar da kika ce masa jaki zai ƙi yarda? In ya yarda kuwa, me zai sa ya wahalar da kansa a kan karatu, tunda mai gaskiyar duniya a wurinsa ta riga ta yanke hukunci? Mu da kanmu muke cewa bakin uwa kaifi gare shi, muna tsoron uwa ta yi wa ɗa baki, amma muna ganin sai an ɗaga nono an yi rantsuwa ne ake kira baki. Wanda ake ɗiga wa yaro kullum safe da yamma fa, shi mene ne sunansa?

Wata kuma za ta ce ai Bahaushe ya saba da munanan sunaye, ga Ajuji ga Ayashe. Gaskiya ne akwai su, amma ki duba dalilinsu. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna jarirai ita ake sa wa ɗanta irin wannan suna, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko Allah Ya sa ya tsaya. Tsoro ne da ƙauna suka haifi sunan, ko da yake shi ma camfi ne da ilimi ya sa ake barinsa. Ina haɗinsa da uwar da ta dubi lafiyayyen ɗanta ta ce masa kare don ya zubar da miya?

Abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne ba ma tsayawa mu saurari zagin da muke yi. Ki ce wa ɗanki ɗan akuya, to wace ce akuyar? Ki ce masa ɗan jaka, wa ya haife shi? Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maƙwabciyar da ke jin ki ta kan katanga ba ta ƙara ko kalma ba, ke kika faɗa mata abin da kike.

Kada wata ta ce ai mu laƙabinmu ba ya shiga takarda kamar na Turawa. Da can ne. Ku dubi gidan Ɗantata. Alhaji Alhassan, babban attajirin Kano da ya rasu a 1955, ana ce masa Ɗantata ne saboda matar da ta raine shi da ake kira Tata. Laƙabi ne na cikin gida, yau ga shi ya zama sunan zuri'a guda da duniya ta sani. Wannan mai kyau ne, ya zo da albarka. To amma hanyar da mai kyau ya bi ita mummuna ke bi. Yanzu zamani ne na cike fam, katin ɗan ƙasa yana neman sunan gida, banki yana nema, jarrabawar fita sakandare tana nema. Mutum nawa muka sani a unguwa waɗanda in kin ambaci sunansu na yanka ba wanda zai gane, sai kin faɗi laƙabin? 'Ya'yansu kuma da shi ake kwatanta su, a ce wance 'yar gidan wane, a kawo laƙabin. Ranar da mai neman aure zai zo bincike, da wannan sunan za a nuna masa gidan. Abin da ya faru da kakan Malam Bushiya na ƙasar Cek bai fi ƙarfin ya faru da jikanki ba.

Kada kuma a fahimce ni a karkace, ban ce sunan dabba duk abin ƙi ba ne. Mu ne muke gaishe da sarki da “Zaki”, muke ce wa matarsa giwar sarki, muke yi wa namijin gaske kirari da toron giwa ko bajimi. A jerin sarakunan Kano akwai Muhammadu Zaki da ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Makarantar da ta yaye manyan Arewa da yawa sunanta Barewa. Sunayen yanka ma da muke ɗauka daga Larabci, da yawansu na dabbobi ne ba mu sani ba. Usama zaki ne, Haidar zaki ne, Uwaisu ɗan ƙaramin kyarkeci ne. Sayyadina Hamza ana masa laƙabi da Zakin Allah. Abu Huraira, wanda ya ruwaito hadisai masu yawa, ya samu laƙabinsa ne saboda 'yar kyanwa da yake ɗauka. Shi kansa sunan Abubakar, “bakar” ɗin ɗan saurayin raƙumi ne a Larabce. Kun ga da gidan zu zai ce masu irin waɗannan sunaye su shigo kyauta, da su Garba da Habu da Buba sun karya shi a yini ɗaya.

Ashe ke nan dabbar ba ta da laifi, abin da ke zuciyar mai kiran shi ne magana. Wanda ya ce wa ɗansa zaki fata yake masa. Wadda ta ce wa ɗanta jaki kuwa ta san abin da take nufi, shi ma yaron ya sani. Addininmu bai bar wannan a duhu ba, aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙubba, kuma ba ta ce ban da uwa da ɗanta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana canja wa mutane munanan sunaye, har akwai wadda sunanta ke nufin mai saɓo ya mai da ita Jamila. Mu kuma an ba mu Jamila muna mai da ita akuya.

Su ma dabbobin da muke zagi da su, da suna da baki da sun kai mu ƙara. Jakin da muke misalin daƙiƙanci da shi, shi ya ɗauki kayan fatake daga ƙasar Hausa har Gwanja ya dawo da goro, kuma in ya bi hanya sau ɗaya ba ya ɓata. Akuya ita ce bankin matar ƙauye, ita ake sayarwa a yi wa 'ya kayan ɗaki, fatar jar akuyar Sakkwato kuwa tun zamanin ayarin raƙuma ake kai ta har Turai. Kare yana kwana a waje yana gadin mai gidan da ke jifansa. Mun dai saba ne da ɗora wa dabba abin da yake namu. Ba a manta ba a 2018 aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a wani ofishin hukumar jarrabawa a Makurɗi. A 2019 kuma labari ya bazu cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 a gidan zu na Kano, har sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ma sam. Duk ƙasa aka yi ta dariya. To mu ma a cikin gida haka muke yi. Gajiya tamu, haushin maigida namu, kishiya ta ɓata mana rai, kuɗin cefane bai isa ba, amma sai mu juya mu sauke a kan yaro mu ce shi ne dabba.

Na san zafin da ke sa baki ya suɓuce, ba daga littafi na karanto shi ba. Mace ta tashi tun asuba, ba ruwa ba wuta, yara biyar kowa na kuka da nasa, ba mai ce mata sannu. Ban ce kada a tsawata wa yaro ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ki tsawata masa a kan abin da ya yi. Ki ce ka fasa kofi, ba na so, zo ka share. Wannan zai iya gyarawa gobe. In kika ce masa jaki, me kike so ya gyara? Ya sake haihuwar kansa? Ni dabarar da ta fisshe ni ita ce in fushi ya taso sai in kira cikakken sunansa har da na ubansa. Kafin in gama faɗa zuciyata ta ɗan sauka, shi kuma ya san yau babu wasa. In abin ya fi ƙarfina sai in ce Allah Ya shirye ka, tunda dai dole bakin ya furta wani abu, gara ya furta wanda in Allah Ya amsa zan yi murna.

Kuma ai mun iya laƙabi mai daɗi in mun ga dama. Mu ne muke kunyar sunan ɗan fari ko na surukai, muka ƙirƙiro Abba da Baffa da Ummi da Nana da Walida da Halifa. Bakin da ya iya wannan ba a koya masa komai, tuni kawai yake buƙata.

Sai ku masu riƙon 'ya'yan wasu, matan uba da masu 'yan aiki da waɗanda aka ba amanar maraya. Ɗanki in kin zage shi da rana, da daddare za ki rungume shi ya manta rabi. Shi wannan wa zai rungume shi? Sunan da kika sa masa shi zai tafi da shi duk inda ya je, kuma da shi zai tuna ki. Malaman makaranta ma ina roƙonku, yaron da aka kira daƙiƙin jaki a gaban yara sittin, an gama da shi a wannan ajin. Iyaye maza kuma kada ku ce ba da ku ake ba, shirun da kuke yi kuna ji ana kiran 'ya'yanku da sunan dabbobi shi ma hannu ne a ciki.

'Yan mata ƙannena, ku da ba ku haihu ba tukuna, ku kuka fi kowa sa'a don ba ku da abin gogewa. Ku fara da ƙannenku na gida. Bakin da ya saba ce wa ƙani kare ba zai canja ranar suna ba, da shi za a shiga ɗakin miji.

Yaron nawa yanzu ya girma, ƙiriniyar ta koma ƙwallo da gyaran rediyo, duk abin da ya lalace a gidan nan shi ke kwance shi ya ɗaura. Da kawunsa ya ba da labarin garaɓasar nan yana wurin. Washegari ya same ni a kicin ya ce, “Umma, da a ƙasarsu Kawu muke, da ni kyauta zan riƙa shiga ko?” Yana dariya ya faɗa, ni ma na yi dariyar, amma da ya fita sai da na share ido da bakin zane. Ashe bai manta ba.

Wadda maganata ta ɓata wa rai ta yafe mini, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon kama bakinmu a lokacin fushi, Ya sa 'ya'yanmu su tuna mu da sunan alherin da muka kira su da shi. Amin.

Taku a kullum. Wassalam.